Tuƙin mota mai giyar taimako a damina: Abin da ya kamata direba ya sani

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da damina ke kankama a yawancin jihohin Arewa, yanayin hanyoyi yakan sauya. Kwalta takan yi santsi, ramuka su ɓuya a ƙarƙashin ruwa, hanyoyin karkara kuma su koma taɓo da laka. A irin wannan lokaci ne jama'a ke ƙara dogaro da motoci masu giyar taimako, wato waɗanda injinsu ke iya juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, irin su jif-jif da a-kori-kura samfurin Hilux da Land Cruiser da Pajero da makamantansu. Su ne ke kai ma'aikatan lafiya da jami'an gwamnati da manoma da 'yan kasuwa wuraren da ƙaramar mota ba ta isa.

Sai dai wannan dogaro yana tafe da haɗarinsa. Direbobi da dama sun ɗauka cewa tunda motarsu na jan ƙafa huɗu, santsin hanya bai shafe su ba. Giyar taimako tana taimaka wa mota ta tashi, ta hau tudu, ta fita daga laka, amma ba ta ƙara mata ƙarfin tsayawa ko kaɗan. Kowace mota, babba ko ƙarama, da tayoyi huɗu take taka birki, kuma abin da ke haɗa ta da ƙasa shi ne ɗan wurin da kowace taya ke taɓa titi, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan ruwa ko laka ya shiga tsakanin wannan wuri da titi, ƙarfin inji ba ya hana mota zamewa.

Ire-iren giyar taimako

Abu na farko shi ne direba ya san irin motar da ke hannunsa, domin tsarin ya kasu kashi uku.

Kashi na farko shi ne wanda direba ke sa taimakon da kansa, kamar yadda yake a Hilux da yawancin a-kori-kura. Irin wannan mota tana da matsayi uku: 2H, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, 4H, inda huɗun ke ja da gudun da aka saba, sai 4L, inda huɗun ke ja da ƙarfi sosai amma a hankali. A wasu motocin ana rubuta su H2 da H4 da L4. Idan aka sa 4H ko 4L, farfelar gaba da ta baya sukan kulle su riƙa juyawa daidai wa daida. To amma a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa. A kan laka ko yashi taya takan ɗan zame ta cike wannan bambanci, a kan kwalta mai kamawa kuwa babu wurin zamewa, sai matsin ya taru a cikin giya da farfela. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa a kwana, tayoyi su riƙa ƙara. Idan aka ci gaba a haka, ana iya lalata akwatin giyar taimakon, gyaransa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Kashi na biyu shi ne wanda tayoyi huɗun ke ja a kowane lokaci, kamar Prado da manyan Land Cruiser. Suna da na'ura a tsakiya da ke ba tayoyin gaba da na baya damar juyawa da gudu daban-daban, don haka babu matsala a kan kwalta, jiƙaƙƙiya ce ko busasshiya. Akwai maɓallin kulle wannan na'ura, kuma ana kulle ta ne kawai a laka ko yashi, a buɗe da zarar an hau titi.

Kashi na uku shi ne na motoci irin su RAV4 da Highlander da CR-V masu alamar AWD, inda mota ke tura ƙarfi zuwa tayoyin baya da kanta idan ta ji na gaba sun fara zamewa. Suna da kyau a kan titi mai ruwa, amma ba su da giyar 4L, cikinsu kuma bai da tsayi sosai daga ƙasa, saboda haka ba a yi su don laka mai zurfi ba. Ya kamata a sani kuma cewa wasu daga cikin waɗannan samfura da ake shigowa da su tayoyin gaba kaɗai ke ja, duk da cewa a ido jif ce. Littafin mota ko leƙa ƙarƙashinta a wurin bakanike zai warware wannan.

Ga mai mota ta kashin farko, ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce: a kan kwaltar da ruwan sama ya jiƙa amma tana kamawa, a bar ta a 2H a rage gudu, idan laka ta rufe kwaltar ko an sauka hanyar ƙasa, a sa 4H, idan tafiyar ta zama ta rarrafe, a tsaya cak, a sa giya a furi, sannan a shiga 4L. Kuma a sa taimako tun kafin a shiga wuri mai wuya, domin bayan mota ta kafe amfaninsa ya ragu.

Taya ce tushen komai

Zanen da ke jikin taya aikinsa shi ne kore ruwa daga ƙarƙashinta. Mafi ƙarancin zurfin zane da aka amince da shi a ƙasashe da yawa shi ne milimita 1.6, kuma masu ƙera taya kan sa ɗan tudu a cikin ramin zanen. Idan fuskar taya ta yi daidai da wannan tudu, ta gama aiki. A damina bai kamata a jira ta kai nan ba, domin kamun taya a kan ruwa yakan ragu sosai tun daga wajen milimita 3.

Shekarun taya ma abin dubawa ne, musamman ga masu sayen na hannu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana gargaɗi kan amfani da tayoyin da suka tsufa, domin roba takan bushe ta tsattsage ko da zanenta na nan.

Iskar taya kuma a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Ya kamata tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna, domin bambanci mai yawa yana wahalar da na'urorin taimako. Tayoyi masu manyan haƙora da ake sa wa don laka suna da kyau a daji, amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kamunsu bai kai na tayar titi ba. Mai irin waɗannan tayoyi shi ya fi buƙatar rage gudu.

Sauran abubuwan da ake dubawa kafin damina sun haɗa da robar waifa, wadda zafin bazara da ƙurar hunturu ke busarwa, da fitilun gaba da na baya, da birki, da na'urar sanyaya mota, domin ita ce ke saurin kawar da hazon da ke rufe gilashi daga ciki.

Gudu da tazara a kan kwalta

Dokar hanya a Najeriya ta ƙayyade wa motocin gida gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 kuma a kan tagwayen hanyoyi. Waɗannan iyakoki ne na lokacin da hanya take a bushe kuma ana gani sarai. Idan ana ruwa, hankali ne ke yanke gudun da ya dace.

Lissafin a bayyane yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Tazarar da birki ke buƙata kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar takan ninka sau huɗu. Haka nan idan aka sauko daga 100 zuwa 70, tazarar birki takan ragu da kusan rabi. Shi ya sa rage gudu ya fi duk wata dabara amfani.

A busasshiyar hanya ana son a bar tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakanin mota da ta gabanta. A jiƙaƙƙiya a ninka ta zuwa huɗu ko fiye. Hanyar aunawa ita ce direba ya lura da wata alama a bakin titi, kamar bishiya ko turken lantarki, ya fara ƙirga daga lokacin da motar gaba ta wuce ta har shi ma ya iso. Bayan tirela ko tanka a ƙara tazarar, saboda feshin ruwan da tayoyinsu ke yi yana rufe gani gaba ɗaya, kuma wuce su a irin wannan hali caca ce da rai.

Lokacin da kwalta ta fi santsi shi ne farkon saukar ruwa bayan an daɗe ba a yi ba. Mai da gas da suka ɗiga daga motoci, da ƙura da garin roba, sukan haɗu da ruwan su zama kamar sabulu, sai an yi ruwa mai yawa ya wanke su. Wuraren da suka fi wannan matsala su ne mahaɗar hanyoyi, shataletale, gaban gidajen mai, da inda manyan motoci ke yada zango. Fentin layin titi da ƙarafan da ke mahaɗin gada su ma suna da sulɓi idan sun jiƙe.

Jif da a-kori-kura suna da tsayi, nauyinsu kuma ya fi karkata sama idan aka kwatanta da ƙaramar mota. Wannan ne ya sa sun fi saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari ko taya ta faɗa gefen titi. Lodi a kan rufi yana ƙara wannan haɗari. A-kori-kura da babu kaya a bayanta kuwa, ƙafafunta na baya ba su da nauyin da zai danne su, don haka a 2H bayanta kan iya wujijjigawa idan aka taka totur da ƙarfi a kwana. Maganin shi ne a rage gudu tun kafin shiga kwana, a bi ta a hankali, a ƙara wuta bayan sitiyari ya miƙe.

Idan ana ruwa a kunna ƙaramar fitilar gaba ko da rana ce, domin a gan mota. Babbar fitila takan dawo da haske idon direba. Fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa na motar da ta tsaya ne. Kunna su ana tafiya yana rikita na baya, yana kuma hana sigina aiki. A kashe na'urar da ke riƙe gudu da kanta. Idan ruwan ya kai yadda waifa ba ta iya share shi, a nemi wuri nesa da titi a tsaya, ban da ƙarƙashin bishiya ko allon talla ko wayar lantarki.

Idan mota ta ƙwace

Akwai halin da taya ke kasa kore ruwa, ta hau kansa ta riƙa shawagi kamar kwalekwale. Yana faruwa ne idan gudu ya yi yawa a kan ruwan da ya kwanta, kuma idan taya ta cinye yana iya aukuwa a gudun da bai kai kilomita 80 ba. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi sakayau ba zato. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danne birki, har tayoyi su sake taɓa titi.

Idan a kwana ne gaban mota ya ƙi juyawa ya nufi waje, ƙara murɗa sitiyari ba ya taimakawa. A sassauta totur, a ɗan warware sitiyarin har tayoyin gaba su kama. Idan kuma baya ne ya zame, a juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, a shirya dawo da shi da zarar motar ta daidaita. A duka biyun, idon direba ya tsaya kan inda yake son zuwa, domin hannu yakan bi ido.

Motoci masu birkin ABS, idan tsayawar gaggawa ta kama, a taka birki da ƙarfi a riƙe shi. Karkarwar da ake ji a ƙafa alamar na'urar na aiki ce, tana hana tayoyi kullewa domin sitiyari ya ci gaba da amsawa. Tsofaffin motocin da ba su da shi kuwa, ana takawa ne da ƙarfi, a ɗan saki idan taya ta kulle, a sake takawa. A kan tsakuwa ko laka, mota mai ABS kan buƙaci tazara mai tsawo kafin ta tsaya.

Hanyoyin ƙasa, hawa da gangara

Jar ƙasa idan ta sha ruwa samanta kan yi sulɓi alhali ƙasanta da tauri. Baƙar laka irin ta fadamu da ta yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Gamboru, ta fi wuya, domin takan cike zanen taya har ta koma sumul. A kan kowace iri, abin da ake so shi ne gudu matsakaici wanda ba ya yankewa, da giya ta biyu ko ta uku, ba tare da fizga ko canza giya a tsakiyar laka ba. Idan akwai sawun motoci kuma bai yi zurfin da cikin mota zai zauna ba, bin sa ya fi. A riƙe sitiyari da manyan yatsu a waje, domin idan taya ta daki dutse sitiyarin kan juya da ƙarfin da zai ji wa yatsa ciwo.

Rage iskar taya kaɗan yana faɗaɗa wurin da take taka ƙasa, amma wajibi ne a mayar da iskar kafin a koma gudu a kwalta, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe.

A gangara mai santsi, kamar waɗanda ake samu a hanyar hawan Mambila zuwa Gembu ko Hawan Kibo a hanyar Jos, inji ne ya kamata ya riƙe mota. A sa ƙaramar giya tun daga sama, kada a taka kuloci, kada a sa furi, birki kuma a riƙa taɓa shi a hankali. A tudun ƙasa mai tsananin gangara, 4L da giya ta ɗaya ake amfani da su. Wajen hawa, a fuskanci tudu kai tsaye. Idan mota ta gaza a tsakiya, a taka birki, a sa ribas, a sauko a miƙe. Ƙoƙarin juyawa a jikin tudu shi ke kifar da mota.

Idan mota ta kafe, ci gaba da ba ta wuta ƙara binne ta yake yi. A tsaya, a kwashe lakar da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota, a shimfiɗa katako ko rassa ko duwatsu, a gwada komawa ta inda aka fito. Idan wata mota za ta ja, a ɗaura igiya a maƙalin da aka yi domin haka a jikin ƙashin mota. Ƙwallon jan tirela da bamba ba wurin ɗauri ba ne, suna iya tsinkewa su tashi kamar harsashi. Masu taimako da 'yan kallo su ja baya nesa da igiyar.

Ruwan da ya haye hanya

Nan ne aka fi asarar rayuka. A ambaliyar shekarar 2022, wadda ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, ruwa ya shafe hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, matafiya suka yi kwanaki a maƙale. A kowace damina kuma ana samun kwalbatoci da ƙananan gadoji da ruwa ke cinye ƙarƙashinsu.

Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, mai santimita 60 kuwa yana iya ɗauke jif da a-kori-kura. Da zarar ruwa ya ɗaga mota, tayoyi huɗun da ke ja ba su da abin takawa. Masu ƙera Hilux da Land Cruiser na zamani sun sa musu iyakar zurfin ruwa na kimanin santimita 70, amma wannan adadi na ruwa ne mai kwanciya da ƙasa mai ƙarfi, a tafiyar rarrafe. Bai shafi ruwa mai gudu ba.

Saboda haka, ruwan da ke gudu ko wanda ba a ganin ƙasansa, musamman da dare, ba a shigarsa. A jira ya janye, ko a koma. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun fi kowa sanin halin rafinsu, tambayarsu ba ta rage wa direba komai. Idan ruwan a kwance yake kuma an tabbatar da zurfinsa, a shiga da giya ta ɗaya ko ta biyu a 4L, a hankali ba tare da tsayawa ba, mota ɗaya bayan ɗaya. Shiga da gudu yana tura ruwa cikin maƙogwaron da inji ke shaƙar iska, kuma tunda ruwa ba ya matsuwa, yakan lanƙwasa ƙarafan cikin inji. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da ita sai bakanike ya duba. Bayan an fito, a riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe, daga baya kuma a duba man giya da na aksul; idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza.

Idan ruwa ya fara cika mota, a kwance bel, a buɗe gilashi tun lantarki bai ɗauke ba, a fitar da yara, a fita ta taga nan take. Ƙofa ba ta buɗuwa da sauƙi idan ruwa ya danne ta daga waje.

Shirin tafiya

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma na kwanaki a kai a kai, kuma gidajen rediyo na karanta shi da Hausa. Mai doguwar tafiya ya saurare shi, ya tambayi direbobin tasha halin hanya, ya yi sammako domin ya isa da rana, ya sanar da wani hanyar da zai bi. A cikin mota a ajiye shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak da katakon ɗora shi, safayar taya mai iska, tocila, ma'aunin iska da ruwan sha. Kowa ya ɗaura bel, har da na kujerar baya, kuma bayan a-kori-kura ba wurin ɗaukar mutane ba ne a hanya mai santsi. Idan haɗari ya auku, lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Giyar taimako na iya fitar da mota daga laka, amma gudun da aka bi, da tazarar da aka bari, da shawarar shiga ruwa ko juyawa, duk suna hannun direba.